Ƙarin kuɗi don layin maɓallai a shafin tuntuɓa: in biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da shadda da atamfa a Agege, kuma na sa wani matashi ya haɗa mini manhajar waya saboda abokan ciniki. Yanzu yana neman ƙarin kuɗi kafin ya sanya layin maɓallan zirga-zirga a shafin da ke ɗauke da lambar wayata da adireshin shago. Shin ya dace in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Layin nan iri biyu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Na sama, mai ɗauke da sunan shafi da kibiyar komawa baya, a ganina yana cikin aikin da ka riga ka biya, domin iPhone ba ta da maɓallin komawa baya irin wanda aka saba gani a Android, masu ita kuwa sun saba neman kibiyar a sama ta hannun hagu. Idan Hajiya ta shiga duba lambarka ta rasa hanyar fita, rufe manhajar za ta yi, kuma da wuya ta dawo ta ga sauran shaddar. Wannan kada ka ƙara masa ko sisi a kansa.

Na ƙasa shi ne abin ciniki. Ƙa'idar zane ta Google ta tanade shi ga manhaja mai manyan sassa 3 zuwa 5, misali kaya, kwandon saye da tuntuɓa. In taka ta kai haka, ka biya, amma da sharaɗin layin ya bayyana iri ɗaya a dukkan sassan. In kuwa shafin kaya da na tuntuɓa kawai gare ka, ka riƙe kuɗinka.

Kafin ka cika masa, kada ka gamsu da gwaji a kwamfutarsa. Ka ari ƙaramar itel ko Tecno ta yaron shagonka, ka taɓa gurbin rubuta saƙo, ka duba ko haruffan da suka taso daga ƙasa sun rufe maɓallin turawa, sannan ka danna kowane maɓalli da babban yatsa kana riƙe da wayar da hannu ɗaya, kamar wanda ke cikin motar haya ta danfo. Apple ta ba da shawarar kada faɗi da tsawon wurin taɓa maɓalli su gaza ma'auni 44 na awon fuskar waya, Google kuma 48. In yatsanka yana kuskurewa daga maɓallin kira zuwa na WhatsApp, ya gyara tukuna.