Amsar kawu kan hoton ƙirjin mai jinya

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Allah ya ba surukinki lafiya, ya sa kaffara ce. Kin ce mura ce ta sauka masa a ƙirji har huhu biyu suka kamu, yana kwance a reya, ɗakin waɗanda jiki ya yi wa tsanani, da injin numfashi a bakinsa. An turo masa radiyo, wato injin ɗaukar hoton ƙirji, har bakin gado, ana goga masa eko, na'urar da ke duba cikin jiki da sauti, yanzu kuma ana maganar sikana, babban injin hoto da ake shigar da mutum cikinsa. Sai tsofaffin gidan suka ce a al'adarmu ba a ɗaukar hoton wanda ciwo ya yi wa nauyi, wai hoto yana shan jini, yana kuma jawo ajali. Shi ne kike tambaya ko gaskiya ne, tun da ni ɗan gidan wanzamai ne, kuma a ɗakin radiyo na yi furfura.

Na yi murmushi da na karanta, don wannan magana ta girme ki nesa ba kusa ba. Amma murmushin bai daɗe ba, saboda na san gidajen da irin wannan magana ta sa aka ɗauke mai jinya da dare aka mai da shi gida.

Ba ki riski kakanki ba. Shi ne wanzamin unguwarmu a Bagalam, kuma ba aski da kaciya kaɗai ake kiransa ba. In yaro ya kwana yana tari, shi ake fara aika wa. A shekarar yunwa ta 1974 ƙyanda ta shigo gari tare da mutanen da fari ya koro daga arewa. Ƙyanda ma ƙwayar birus ce, kuma yawancin yaran da take kashewa ta huhu take bi. Lokacin ina sabon shiga aiki, ni ke wanke fim a ɗakin duhu.

Wata safiya cikin sanyi maƙwabcinmu ya kawo ɗansa zaurenmu, yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, ƙuraje sun fara bushewa amma numfashi ya ƙi. Ya ce a yi masa ƙaho a baya, a cire mugun jini. Baba ya kwance zanen da aka naɗe yaron, ya daɗe yana kallon yadda fatar tsakanin haƙarƙari take shigewa ciki duk sa'ad da ya ja numfashi, da yadda ƙofofin hancinsa suke buɗewa. Sai ya ɗora yatsa a bayan yaron yana ƙwanƙwasawa da ɗayan hannun, daga kafaɗa har ƙasa, dama da hagu. A sama sautin yana fita, a ƙasan dama ya mutu. Ya mai da ƙahonsa cikin zabira ya ce, “Wannan ba na aska ba ne. Abin da ke ciki ya fi ƙarfin abin da ƙaho zai jawo.” Uban ya yi ta roƙo. Baba ya saɓa yaron a kafaɗarsa, ya ce mini in wuce gaba.

Wanzami ya shiga asibiti da mai jinya a kafaɗa, ba ƙaramin abin kallo ba ne a wancan zamani. Da lokotoro, wato likita, ya rubuta a yi radiyo, uwar yaron ta tsaya a ƙofa ta ce ba za a tuɓe mata ɗa a sa shi gaban ƙarfe ba, ta ji ana cewa yana tsotse jini. Baba bai yi mata faɗa ba. Ya ce, “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni da kaina zan riƙe shi.” Aka ɗaura masa rigar darma mai nauyi, ya ɗaga hannuwan yaron sama. Yaro ba ya jin “ja numfashi ka riƙe”, sai dai ka jira ya yi kuka, daidai inda ya ja iska tsakanin kuka da kuka ka danna. Na shiga ɗakin duhu da jar fitila, na tsoma fim a ruwan magani na farko, na ɗauraye, na tsoma a na biyu, na fito da shi yana ɗiga. A hoton ƙirji iska baƙa take fitowa, ƙashi fari, ruwa da mugunya su ma fari. Ƙasan dama ya yi fari fat, daidai inda yatsan Baba ya nuna. Amma akwai wani fari a warwatse a hagu wanda yatsa bai ji ba. Baba ya daɗe tsaye gaban fitilar. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ashe kunne yana da iyaka.” Daga ranar bai ƙara yi wa mai haki ƙaho ba.

Yaron ya tashi. Ƙanwarsa da aka kawo daga baya ba ta tashi ba, alhali hotonta bai kai nasa muni ba. Shi ya sa har gobe ba na yarda wani ya kalli fim ya yanke wa mutum kwana. Baba yakan ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma likitan kirki haka yake yi: yana duban hoto, yana duban mai hoton, da lambar oksijen da ɗan abin da ke maƙale a yatsa yake nunawa, da gwajin jini. Radiyo kan fito lafiya lau a farkon ciwo, sannan ya ci gaba da nuna fari makonni bayan mutum ya miƙe yana cin tuwo. Kuma hoto ba ya faɗin sunan ƙwayar da ta kama mutum, wannan aikin gwajin majina ne.

Radiyon da ake turowa bakin gado shi ne jikan wanda na yi aiki da shi. Wani Bajamushe, Röntgen, ya gano hasken a 1895. Hoton da aka ɗauka a kwance bai kai na tsaye kyau ba, zuciya takan fito da girma fiye da yadda take, ruwa kuma ya baje a baya ya ɓoye. Amma yana nuna ko bututun numfashi ya zauna inda ya kamata, ko ciwon ya ƙara yaɗuwa, ko huhu ya fashe iska ta taru a gefe, abin da kan faru ga wanda inji yake hura wa iska.

Eko kuwa, a zamaninmu na masu ciki ne, kuma an koya mana cewa ba ya aiki a huhu don iska tana tare sauti. Wani likitan reya a Faransa, Daniel Lichtenstein, yana cikin waɗanda suka nuna ba haka ba ne, ya fitar da tsarinsa a 2008. In huhu ya jiƙe, wasu fararen layuka suke saukowa daga fatar huhu zuwa ƙasan allo, yawansu yana nuna yawan jiƙewar. Yana ganin ruwan da ya taru, yana ganin inda huhu ya daskare. Sauti ne kawai, babu hasken da ake tsoro, ana iya yi safe da yamma ba tare da an motsa mai jinya ba. Sai dai bai kai tsakiyar huhu ba, kuma kyansa yana hannun mai riƙe shi. Da Baba ya gan shi, ina jin da ya so shi, don wuraren da yake ƙwanƙwasawa nan ake ɗora shi.

Sikana ita ce mai gani sosai. A Landan aka fara sa mutum cikinta a 1971. Tana nuna huhu yanki yanki, kuma a ciwon birus abin da aka fi gani shi ne wani dishi-dishi kamar hazon hunturu a kan gulbi, kina hangen itatuwa amma ba tar ba. Da korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020, wannan hazo a gefe-gefen huhu biyu, musamman ta ƙasa, shi likitoci suka yi ta gani. Da ita ake ƙiyasta ko kwata ne ya kamu, ko rabi, ko fiye da kashi 75 cikin ɗari. In an yi allurar ruwan da ke haska jijiya, tana nuna gudan jinin da ya toshe hanyar huhu, wanda radiyo ba ya gani. To amma sikana ba ta zuwa bakin gado. Sai an tura mutum da injinsa da kwalbar iskarsa, bututu na iya gocewa a hanya, oksijen na iya faɗuwa, allurar kuma tana yi wa ƙoda nauyi. In tsofaffin gidanku suna jin tsoron a motsa shi, a nan suna da gaskiyarsu, kuma likitocin ma wannan suke aunawa.

Maganar shan jini babu ita. Hasken radiyon ƙirji ɗaya bai wuce abin da jiki ke samu daga ƙasa da sararin sama a kwana 10 ba. Na sikana ya kai na wajen shekara 2, shi ya sa ba a yin ta don marmari, kuma mai juna biyu sai ta faɗa tukuna.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. Tare da saƙonki kin turo mini hoton bawan Allahn nan a kan gado, ƙirji a buɗe, bututu a baki, kuma na ga alamar daga zauren WhatsApp na dangi aka turo miki shi. Ɗiyata, wannan ne hoton da na san an hana. Uban yaron nan da na ba ki labari, da aka ba shi fim cikin ambulan, ƙasan akwati ya sa shi, ko maƙwabci bai gani ba. A gidanmu in wanzami ya ga jikin mutum, da shi ake binne abin da ya gani. Baba yakan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mai jinya ana rufe shi, ana rage murya a kansa, a yi dubiya a taƙaice a fito a zauna da iyalinsa. Dattijon da bai taɓa fita ƙofar gida ba hula ba, yau yana yawo a wayoyin yara daga nan har Katsina, ba da saninsa ba. Ban ɗora miki laifi ke kaɗai ba, haka zamanin ya koya muku. Amma ki goge shi, ki kuma roƙi wanda ya fara turawa ya goge.

Batun sikana ba ni zan yanke daga zaurena ba. Maigidanki ya sami lokotoron da ke kula da shi, shi kaɗai ba da rakiyar dangi ba, ya tambaye shi me ake nema a ciki, ko abin da za a gani zai sauya maganin da ake ba shi, da ko jikinsa zai ɗauki tafiyar. Tsofaffin kuma kada ki yi gardama da su, ke suruka ce. In Allah ya kai mu Juma'a zan shigo bayan masallaci in zauna da su, uwar gidan ta san Baba. Ki gaida mahaifiyarki.