Tanti mara nauyi na mutum ɗaya: wanne zan saya?

Malam, ka ce kana neman tantin da za ka goya a jaka ka kwana a Dutsen Kufena ba tare da ya karya maka baya ba.

Nauyinsa ya kasance tsakanin giram 900 da kilo 1.3, har da sanduna da turaku. Wasu masu sayarwa ba sa lissafa turaku da jaka, don haka a ɗora maka shi a sikeli.

A Kufena, tsayuwar tantin ce babbar magana. Wanda ake kafawa da sandar dogarawa ya fi sauƙin ɗauka, amma sai an buga masa turaku shida ko fiye, turke kuwa ko fako ba ya shiga, balle dutse. Ɗauki mai tsayuwa da kansa a kan sandunan alminiyom, domin na faiba suna tsagewa in iska ta yi ƙarfi. Duk da haka ka ɗaure igiyoyinsa a jikin duwatsu, kada iskar hunturu ta yi gaba da shi.

Ya zama mai rufi biyu: raga a ciki saboda sauro, leda a waje. Mai rufi ɗaya yana tara tururin numfashi, da asuba sai ya riƙa ɗigo maka a fuska. Don damina, duba ma'aunin ƙarfin tare ruwa da ake rubutawa da milimita: nemi 1,500 a rufi, 3,000 a shimfiɗar ƙasan tantin. Rufin nailan yana saki in ya jiƙe, sai an sake ɗame igiya.

Ƙura tana lalata zif, riƙa goge shi da tsohon buroshi. Kada ka naɗe tantin da danshi, zai yi fumfuna.