Tambaya da Amsa: Daben Katakon Gora Tsakanin Damina da Hunturu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mun kusa kammala gininmu a Kaduna, ina so a shimfiɗa katakon gora a falo da ɗakunan kwana maimakon tayil. Kafinta ya ce da hunturu zai bubbuɗe, mai sayarwa kuwa ya ce ko ruwa ba ya yi masa komai. Maganar wa zan kama? Daga wata Hajiya, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafintanki ya fi kusa da gaskiya, mai sayarwa kasuwarsa yake ci. Gora ko an matse ta da gam a masana'anta, ba ta daina shan laima tana kumbura, ba ta daina bushewa tana tsukewa. Yawancin wanda ake kawowa daga ƙasar Sin yake, kuma masu yin sa sukan so danshin iskar ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Kaduna kuwa, watan Agusta danshin kan kai kashi 80, Janairu kuma ya faɗi ƙasa da 20. Katakon da ya zauna a iska mai kashi 20 yakan riƙe ruwa kusan kashi 4 zuwa 5 na nauyinsa, a kashi 80 kuma ya kai wajen 16. Wannan tazarar ita ce ke jawo matsala.

Saboda haka ki zaɓi lokaci. Kada a shimfiɗa a tsakiyar damina, domin katakon na cike da laima, da sanyi ya shigo za ki ga tsaga tsakanin layuka har ƙura tana taruwa a ciki. Kada kuma a yi a tsakiyar hunturu a matse shi da bango, domin ruwa na sauka zai kumbura, ya rasa wurin zuwa, ya ɗago a tsakiyar falo kamar kunyar gona. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi, ko watan Mayu.

In da hali ki sayi mai hawa-hawa, wanda gorar ke sama, siraran katako kuma a gicciye a ƙasa. Ya fi na gora zalla haƙuri da sauyin yanayi. Masu faɗi sosai kuma sun fi motsi, ki ɗauki matsakaita. A ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka: ɗaki mai mita 4 da mita 5 murabba'in mita 20 ne, sai ki sayi 22, ki ɓoye ragowar don gyara.

Kafin kwali ko ɗaya ya shigo, a duba simintin. Sabon dabe ya samu aƙalla kwana 60, an gama filasta da fenti, an sa tagogi. A yanko leda kamar santimita 45 kowane gefe, a liƙe bakinta da salatif a ƙasa, a bar ta kwana biyu. In an ɗaga aka ga raɓa ko simintin ya yi duhu, a dakata. Ita wannan laimar ta ƙasa ce ke sa gefen kowane katako ya ɗago, tsakiyarsa ta lotsa, don ƙasansa ya jiƙe samansa a bushe. A kuma ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 2. Inda rami ya wuce milimita 3 a cike shi, in ba haka ba haƙoran da ke sarƙe katakon za su karye da taku.

Daga nan a buɗe kwalayen a cikin ɗakin da za a yi aikin, a jera katakon a gicciye kan ƙananan sanduna, iska na ratsawa. Ba a shago ba, ba a baranda ba. Kwana uku da ake yawan faɗa ya yi kaɗan ga nau'in da aka matse sosai. A ba shi mako biyu.

Ranar aiki a fara da leda mai kaurin milimita 0.15, gaɓa ta hau gaɓa da santimita 20, a liƙe, sannan siririn soso. A bar tazarar milimita 12 zuwa 15 a jikin kowane bango, da ginshiƙi, da gindin ƙofa. Nan ne masu aiki suka fi yin ganganci, wai ba sa son rami ya fito. Katakon gindin bango zai rufe shi, amma a kafa shi a bango, kada ƙusa ɗaya ta shiga daben. Gaɓar layi ta yi nesa da ta maƙwabcinsa da santimita 20 ko fiye. A kowace ƙofa a yanke a sa abin haɗi, wato siririn abin da ke rufe tazarar da aka bari tsakanin ɓangarorin biyu, haka ma falon da ya kai mita 8. Kabad ɗin kicin da wadirob na gini kada su zauna a kansa, don in suka danne gefe ɗaya, daben ya ja, sai ya ɓalle a tsakiya.

Ra'ayinmu dai, ki sa shi a ɗakunan kwana, musamman na bene, ki bar tayil a falon ƙasa inda ake shigowa da yashi a ƙafa.

TAMBAYA: Nawa ya shekara ɗaya, yanzu da sanyin nan ya buɗe, katin waya na shiga tsagar. In cike da gam? Daga wani malami, Zariya.

AMSA: A'a Malam, kada ka cike yanzu. Damina na zuwa zai koma, abin da ka cusa ya matse ya farfasa bakin katakon. Ka samu na'urar ƙara danshi da ƙaramin ma'aunin laima, ka rage kunna AC, don shi ma busar da iska yake yi. Kada a kwarara ruwa da sunan taimako. Tsumma matsattse ya isa, buta kuma ta tsaya a banɗaki. Tsagar da ta kai Agusta ba ta rufe ba ita ce za a kira kafinta ya cire layin ya sake sarƙe shi.