Amsa ga Malama kan yara masu jifan juna da ƙabila

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malama, na saurari tambayarki kan 'yan ajinki na ƙaramar sakandare a Sabon Gari, masu zama ƙabila-ƙabila suna jifan juna da "ku ai haka kuke". Kin ce kin yi nasiha har kin gaji. To, nasiha kaɗai ba ta cire wannan abin. Yaro zai gyaɗa miki kai, ana fita tara ya ɗora daga inda ya tsaya.

Abin da ke aiki shi ne ki sa su buƙaci juna. Tun 1954 wani masani a Amurka, Gordon Allport, ya ce tara mutane wuri ɗaya bai wadatar ba, sai matsayinsu ya zama ɗaya, burinsu ɗaya, suna aiki tare ba gasa ba, hukuma kuma ta goya baya. A 1971 Elliot Aronson ya fito da dabarar yin haka cikin aji, a makarantun Austin ta jihar Texas, lokacin da aka haɗa yara farare da baƙaƙe ana ta rigima.

Ga yadda za ki yi. A ce yaranki sittin. Ki raba su biyar-biyar, ke da kanki, don in kika bar musu zaɓi kowa ɗan unguwarsu zai bi. Ki ɗauki darasi ɗaya, misali tarihin Zariya, ki kasa shi biyar: Sarauniya Amina da ganuwa, zuwan jirgin ƙasa da kafuwar Sabon Gari, Wusasa, kwalejin Barewa, sai buɗe jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kowane yaro a rukuni kashi ɗaya kawai zai samu, rabin shafi. Masu kashi iri ɗaya su haɗu shida-shida na minti 15, su fahimce shi, su gwada yadda za su faɗa. Sai kowa ya koma rukuninsa ya koyar, minti huɗu-huɗu. A ƙarshe gwaji, tambaya goma, biyu daga kowane kashi, kowa ya amsa shi kaɗai. Kin ga ke nan wanda yake raina yaron can, dole ya kasa kunne gare shi, in ba haka ba ya rasa maki biyu. Minti 40 ba zai isa ba, ki nemi darasi biyu a jere.

Inda ake samun matsala, yaron da Turancinsa bai nuna ba. In ya tashi yana in-ina, sauran za su ce "ba mun faɗa ba", kin ƙara ƙarfafa abin da kike yaƙa. Don haka a minti 15 ɗin nan wurinsa za ki fi tsayawa, ki bar shi ya haɗa da Hausa in ta kama. Kada kuma ki sa kyauta ga rukunin da ya zo na ɗaya, wanda ya sha kaye zai nemi wanda zai ɗora wa laifi. Ki riƙa yin wannan dabarar sau ɗaya a mako, zango guda, ki sauya rukunin bayan mako huɗu.

Ranar al'adu kuwa, ni ban cika dogara da ita ba. A ɗaura wa wannan ƙwarya, a ba wancan jar hula, a yi rawa a watse, yaro ya tafi da hoton da ya zo da shi. Haka nan kada ki tsayar da yaro ɗaya ki ce "faɗa mana yadda ku kuke yi", ba wakilin ƙabilarsu ba ne.

Yaran za su ce miki jifan nan ai wasa ne, kamar na Kanawa da Zagezagi. Wancan kowa ya yarda da shi, kowa na ramawa. In ɗaya na dariya ɗaya ya sunkuyar da kai, ki tsayar a take, ki tambayi mai maganar: mutum nawa ka sani a cikinsu, kuma wa ya yi maka hakan? Ki kira shi gefe bayan darasi, ban da bulala. Kuma ki sanar da shugaban makaranta tun farko, don in wani malami na irin wannan ba'ar a ajinsa, ya warware miki aiki.