Hukuncin Kai Jami'an Haraji Kotu, Da Kuɗin Da Aka Yanka A Albashin Ma'aikata

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da ƙaramin kamfanin ruwan leda a Katsina, wajen Ƙofar Sauri, mai rajistar Limited. Makon jiya jami'an haraji na jiha suka kawo min takardar bashin shekara uku, suka ce in ban biya ba za su garƙame wurin. Lauyana ya ce yawancin abin da suka lissafa ba hurumin jiha ba ne, mu shigar da ƙara. Amma wani abokina mai karatu ya ce kai ƙara kotun da ba ta Musulunci ba kafirci ne, haraji kuma duk haram ne, in ce musu kawai ban yarda da ikonsu a kaina ba. Ina yankar haraji a albashin ma'aikatana 14, amma wata 11 ke nan ban kai ba, ina juya kuɗin a sayen leda da man janareta kafin a gama rigimar. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya warware maka, ya sa albarka a sana'arka.

Zan fara da abin da ka ajiye a ƙarshe kamar ƙarin bayani, domin shi ya fi tayar min da hankali. Kuɗin wata 11 ɗin nan ba naka ba ne. Gumin mutum 14 ne, ka yanke shi da sunan za ka miƙa a madadinsu, don haka amana ce a hannunka. Masu shi biyu ne kawai: ko hukuma, in doka ta ɗora wa ma'aikacin, ko shi ma'aikacin, in ba ta ɗora masa ba. Ko da maganar abokinka gaskiya ce, haraji haram ne, ai sai ka mayar wa direbanka da yaran injinka kuɗinsu, ba ka sayi dizal da shi ba. Kuma rajistar Limited ba za ta kare ka a nan ba. Harajin ribar kamfani na tarayya ne, gaskiyar lauyanka ke nan, amma harajin albashi na jihar da ma'aikaci yake zaune ne, ana kai shi kafin 10 ga wata mai biyowa. Ka ware kuɗin nan a wannan makon, ko da sai ka sayar da wani abu. Ka sa akawu ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, domin mai karɓar mafi ƙarancin albashi doka ta yafe masa, dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 kuma ba ta ɗora komai a kan Naira 800,000 na farko a shekara ba. Ina kyautata zaton cikin masu ɗora buhunan ruwa a mota akwai waɗanda ka yankar wa abin da ba a bin su. Ka mayar musu hannu da hannu, ka nemi yafiyarsu.

Shigar da ƙara a kan abin da aka ɗora maka ba bisa ƙa'ida ba halal ne, kuma ba ya taɓa imaninka.

Abokinka yana kafa hujja da aya ta 60 a Suratun Nisa'i, mai zargin waɗanda suke kai hukunci wurin ɗagutu. Ka ce ya karanta ta a hankali. Allah ya ce "yuriduna", wato suna so, su suka zaɓa. Ayar da ke bi mata ta bayyana su: in aka ce su zo ga abin da Allah ya saukar da kuma Manzo, sai ka ga munafukai suna kau da kai. Mutane ne da Annabi (SAW) yake raye a garinsu, ƙofarsa a buɗe, suka tsallake shi saboda sun san ba zai ba su abin da ba nasu ba. Kai wace ƙofa ka tsallake? Tun shekarar 2000 akwai kotunan shari'ar Musulunci a jihar Katsina, amma ba a ba su hurumin rikicin haraji ba. In ka kai wa alƙali takardar nan, da kansa zai ce ba tasa ba ce. Wanda aka bar wa ƙofa ɗaya ya bi ta don ya karɓo haƙƙinsa, ba a haɗa shi da wanda ya guje wa hukuncin Allah da gangan.

Sannan me za ka roƙi kotun? Ta duba, tsakanin jiha da tarayya wa yake da ikon karɓar wannan kuɗi, kuma nawa ne. Babu halal da aka haramta a nan, babu haram da aka halatta. Tsari ne na tafiyar da mulki, irin diwanin da Sayyidina Umar ya kafa, wato rajistar masu karɓar kaso daga baitulmali, wanda ba a san shi a zamanin Annabi (SAW) ba. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi, sarkin Habasha, alhali fadarsa ta Kirista ce, ya kare Musulmi daga ƙarar da Amru ɗan Asi ya kawo, ba wanda ya zarge shi. Annabi Yusuf ya ƙi fita kurkuku sai sarkin Masar ya binciki zancen matan da suka yanke hannuwansu. In aka bi abokinka, duk wanda aka ƙwace wa gona ko aka danne wa fansho sai ya naɗe hannu, azzalumi ya samu abin da yake so da sunan tauhidi. Inda masu tsanantawa suke da gaskiya shi ne mutum ya je kotu neman abin da ya san shari'a ta hana shi, kamar ya ƙi rabon gado na Musulunci don wata doka ta fi ba shi. Wannan babban laifi ne, kuma ba shi ka tambaya ba.

Cewa "ban yarda da ikonku ba" kuwa, Alhaji, kada ka furta ta. Takardar rajistar da ka rataye a ofis, da lambar NAFDAC da ke jikin ledarka, da fasfon da ka yi Hajji da shi, duk daga wannan ikon suka fito. Musulmi ba ya karɓar alkawari inda zai amfana ya warware inda za a bi shi. A aikace kuma, za a yanke hukunci ba ka nan, a sa kwaɗo a ƙofa, gida 14 su rasa abinci. Mun ga inda irin wannan magana ta kai mutane a Maiduguri a 2009. Kada ka yanke hulɗa da abokin nan, amma ka ja shi gaban malamin da ya girme shi a karatu.

Game da haraji shi kansa, tsoratarwar da ta zo a kan mai karɓar "maksu", wato harajin zalunci, sahihiya ce, kuma Shehu Usmanu ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi. Amma manyan malamai, cikinsu har da Shaɗibi na mazhabarmu ta Malikiyya, sun halatta wa shugaba ya ɗora wa masu hali wani abu in baitulmali ya gaza, da sharaɗin buƙata ta gaskiya da adalci a rabo. Ba na ɓoye maka cewa sau da yawa ana saɓa waɗannan sharuɗɗa, a karɓi abu ɗaya sau biyu da suna daban. Zunubin yana kan mai karɓa, kai kuma kana da damar ƙalubalanta. Dattawan Katsina suna tuna cewa da alƙalamin gwamna Balarabe Musa aka soke haraji da jangali a 1979, muna cikin tsohuwar jihar Kaduna. Abin da ka biya kuma ba ya zama zakka.

Kwana 30 doka take bayarwa a rubuta ƙin amincewa daga ranar da takarda ta iso, kai kuma mako ya riga ya tafi. Ka zauna da lauyanka gobe, ya tantance ko kotun ɗaukaka ƙarar haraji da ke zama a Kaduna za ku, ko babbar kotu. Ka faɗa masa zancen wata 11 ɗin nan da bakinka, ka hana shi musanta shi ko gyara takardun albashi. Annabi (SAW) ya ce wanda ya ci shari'a da iya baki, yanki na wuta aka yankar masa. In wani ya raɗa maka a ba da na goro a rufe fayil, cin hanci ne. In kotu ta haɗa maka da kuɗin ruwa a kan abin da za a mayar maka, ka ɗauki uwar kuɗinka, ƙarin ka ba mabuƙata ba da niyyar sadaka ba. Tarar jinkirin da za a ɗora a kan kuɗin albashin kuwa daga aljihunka za ta fito, kada ka taɓa ko kwabo na ma'aikata a kanta.

Allah ne mafi sani.