Irin daji kyauta ne, amma jarinka zai daɗe a kwance

Tambaya: Sana'ata sayar da furanni a leda. Kwanan nan masu ƙawata gidaje da tituna sun fara tambayata ƙananan itatuwan daji masu fure, irin waɗanda asalinsu na yankin ne, saboda ba sa cin ruwa. Tunda iri kyauta ne a daji, ina so in zuba rabin jarina in reni guda 5,000. Me ka gani?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa nema albarka. Kasuwar akwai ta, domin shukar da ta saba da ƙasa da yanayin wuri, idan ta kama, ban-ruwa da takin da take buƙata kaɗan ne, kuma abin da mai biyan kuɗin kula da lambu yake so ke nan. Sai dai rabin jari ya yi yawa a zubin farko.

Kuɗin iri shi ne mafi ƙanƙanta a wannan harka. Inda kuɗi yake tafiya shi ne leda, ƙasa, rumfa, ruwa da ladan mai ban-ruwa, kullum, har tsawon shekara ɗaya ko biyu kafin tsiron ya kai girman da ɗan kwangila zai kalla. Furannin da kake sayarwa yanzu cikin 'yan watanni suke dawo maka da kuɗi. Waɗannan kuwa ci za su yi ta yi ba sa kawo komai.

Sannan irin daji ba ya tsirowa tare kamar irin kamfani. Wanda yake zuwa cikin kwanso yakan yi ɓawo mai tauri da ruwa ba ya ratsawa, sai ka gan shi kwance cikin ƙasa wata da watanni. Irin wannan ana tafasa ruwa a sauke, a zuba masa, a bar shi ya jiƙa awa 12 zuwa 24, ko a ɗan kankare ɓawon da wuƙa. Wanda ya sha ruwa za ka ga ya kumbura, shi za ka shuka. Wanda bai kumbura ba, sai a sake masa. Irin da yake cikin ɗan itace mai tsoka kuma a wanke shi tas kafin a shanya a inuwa. Don haka kafin ka sayi leda ko ɗaya, ƙirga ƙwaya 100 daga kowane nau'i, ka shimfiɗa su cikin jiƙaƙƙen tsumma, ka rubuta nawa suka tsiro da kwana nawa suka ɗauka. Idan 40 ne suka fito, ka san sai ka shuka 12,500 kafin ka ga 5,000, ban da waɗanda yawan ruwa zai ruɓar musu da gindi suna ƙanana. A kan wannan lissafin ake yanke farashi.

Wajen tara iri, ɗebi daga itatuwa da yawa, kada ka wuce kashi 20 cikin 100 na abin da ya nuna, don wurin shi ne rumbunka na baɗi. Gandun daji na gwamnati sai da izini, filin wani ma haka.

Akwai wani abu da yake jawo rigima da masu saye: 'ya'yan iri ba sa fitowa bai ɗaya. Wani dogo, wani gajere, launin fure ma yakan ɗan bambanta. Mai son shinge a jere kamar an ja layi, tsiron da aka samar ta hanyar dasa yankan reshe ne ya dace da shi. Gaya masa tun kafin a yi ciniki.

Ni dai da ni ne, nau'i biyu ko uku zan fara da su, 'yan ɗaruruwa, da kuɗin da ko sun kwanta shago ba zai girgiza ba. Waɗanda suke tambayar nan, ka ce su faɗi nau'i, adadi, tsayi da ranar ɗauka a rubuce, su ba da kafin alƙalami da zai ɗauki nauyin leda da ruwa. Wanda ya ƙi, tambaya kawai yake yi. Ka sa a takardar cewa idan ranar ɗauka ta wuce akwai kuɗin kula na kowane wata, domin kwangila takan yi jinkiri, saiwa kuma ba ta jira: tana naɗewa cikin leda ko ta huda ta shiga ƙasa, sai ka koma sayen manyan ledoji daga aljihunka.