Ina Za Mu Kai Yara Shan Iska a Bakin Kogi?

Tambaya: Malam, ina so in fita da iyalina yawon buɗe ido a bakin kogin Isa, wato kogin Neja, kuma na ji ana yabon gandun dajin W. Shin ya dace mu je, kuma a wane lokaci? Daga wata mai karatu, unguwar Bukoki, Yamai.

Amsa: Hajiya, gandun W ya cancanci yabon da kika ji, domin UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1996, kuma sunansa ya samo asali ne daga lanƙwasa mai kama da harafin W da kogin ya yi a wurin. Sai dai mashigarsa ta Tapowa tana da nisan kimanin kilomita 150 daga Yamai, kuma saboda matsalar tsaro ban ba ki shawarar kama hanyar ba sai da izinin hukuma.

A ganina Bubon, wani ƙauye a bakin kogin, ta fi dacewa da mai yara, tunda kilomita 25 ne kacal daga Yamai ta hanyar Tilaberi. Ranar Laraba kasuwarta take ci, inda za ki ga tukwane da tuluna jere a ƙasa, kwalekwale kuma suna sauke kaya a gaɓa. Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da kogin ya cika kuma zafi bai fara ba, ku yi sammako, ku riƙe ruwan sha da tabarma. Idan za ku shiga kwalekwale, ku daidaita kuɗi da matuƙin tun kuna tudu, kuma kada ku yarda ya matsa kusa da dorina don ɗaukar hoto, musamman mai ɗa.